Karkatattun Harsasan Bappa

Wata la'asar a Demsawo, Bappa, ƙanin mahaifina, ya narka darma yana zubin harsasan bindigarsa ta farauta. Da suka huce, sai ya riƙa mirgina su ɗaya bayan ɗaya a faranti. Duk wanda ya yi tangaɗi, ya jefo mini a cinya.

Na ce, "Bappa, ai wannan ma zai kashe gada."

Ya ce, "Ciwo kawai zai ji mata, 'yata, ta je ta kwana tana wahala a daji."

Shekarar da tashin hankali ya doso Yola, ya ɗebi masu kyan ya bi 'yan'uwansa mafarauta, bai dawo ba. Karkatattun suna nan cikin gwangwanina. Har yau ba su taɓa kowa ba.