Maganin Kububuwa na Gidan Malam Nasidi

Gorar farko a ƙeya ta sami Lurwanu, ta biyu ta fasa masa baki. Ya zube a tsakiyar kasuwar Karaye, littattafan da ya kawo daga jami'a suka watse a ƙasa.

"Kai ka buga wannan?" in ji Sulle, wani manomin Yammedi, yana cusa masa ɗan littafi a fuska. "Kububuwa ta sari 'yata Saudatu. Na bi maganin da ka rubuta tiryan-tiryan. Jiya muka binne ta!"

Lurwanu ya tofar da haƙori. Shekara biyu ya yi yana binciken magungunan gargajiya kafin ya kai aikin maɗaba'a.

"Wallahi ko wasali ban canja ba," ya ce. "Daga kundin mahaifinka, Malam Nasidi, na kwafa."

Sulle ya sake ɗaga gora, sai wani tsoho ya riƙe ta ta baya. Malam Nasidi ne, idanunsa jajur.

"Ƙyale shi, bai yi ƙarya ba. A gidanmu ba a rubuta magani cikakke. Tun kakanni, saiwar ƙarshe da baki ake faɗa wa magaji."

"To, Baba, ba ni ne magajin ba? Me ya hana ka faɗa min?"

"Sau uku na aika Yammedi ka zo ka ji. Ka ce ba ka da lokacin zaman buzu, ka riga ka sayi na ɗab'i."

Gorar ta suɓuce daga hannun Sulle.