Ɗan Bugun Uwar Maƙera

Shekara uku ke nan da hana duk kiɗan da ba na'urar hukuma ta yi ba. Duk da haka Jummala ta naɗi ƙarar gudumar ubanta, Ɗanbarau maƙeri, ta gauraya da rurin injin niƙa. Faifan ya zaga gari.

Da hantsi sai ga jami'i a maƙera.

"Baba, dukan ƙarfe aiki ne. Amma ɗan bugun da kake yi wa uwar maƙera tsakanin duka da duka, kiɗa ne. Ka daina, ko mu rufe wurin."

"Ɗana, da shi kakana ke hutar da hannu."

Ɗanbarau ya ɗaga guduma. Tim, tal-tal. Bai fasa ba, idonsa na kan ƙafar jami'in, wadda tuni ta fara bin bugun.