Ƙarfe Mai Shafen Bagaruwa

Ana turo shi ɗakin tiyata da karyayyar cinya, likitar ta gane shi. Maƙwabcinsu ne na garin Suki, wanda ya karya wa babanta ƙafa kan rabon ruwan gona. Wurin da aka sa wa baban ƙarfe a ƙafar ya ruɓe, ya yi ajalinsa. Mutumin ko gaisuwa bai zo ba, wai ƙafa ke masa ciwo.

Hannunta ya daɗe kan ƙarfe irin na babanta, sannan ta ɗauki mai shafen sinadarin bagaruwa, wanda ke hana ƙwayoyin cuta kamawa.

Da ya farfaɗo ya fara godiya, ta katse shi.

"Ya Hajji, ƙafarka za ta warke sarai. Da ita za ka taka har ƙofar innata, gaban kowa, ka yi gaisuwar nan."