Fumfunar Zauro

Dakta Tamba ya ɗaga farantin gilashin ya yi tsaki. Fumfuna ce a ciki, wadda ya ciro daga saiwar shinkafa a fadamar Zauro. Wata da watanni ta yi masa gum a ɗakin bincike. Da ya ɗiga mata sinadarin da shinkafa ke yi don ta girma, sai shashashar ta zaci ta koma gida cikin saiwa, ta saki jiki, ta shiga tsattsafo wani jan ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin wanda ba a taɓa gani ba.

Awon ɗigon nan shi ne dukan arzikinsa, kuma bai kai ga yin rajista ba, don haka a kansa ya adana shi. Abokan aikinsa na Birnin Kebbi kuwa, su wa? 'Yan jiran albashi! Ko gaisuwarsu da hanci yake amsawa.

Sakinatu kaɗai yake bari ta shigo, ita ma don ba ta san komai ba. Da tuwon shinkafa da kifin Argungu ta zo masa, ta ce ita ɗiyar ƙawar marigayiya innarsa ce daga Gulma. Rabonsa da irin wannan miya tun rasuwar tsohuwa. Yakan tasa ta gaba da bayani, don dai ya ga yadda take sakin baki.

"Yaya, wanga abu da ban tsoro! Mi kaka ba shi haka?"

"Baƙauya! Halitta ce marar kai. Da ta ji ƙamshin gida, sai ta amayar da duk abin da ke cikinta."

Yana lasar yatsa ya zayyana mata sunan sinadarin da awonsa. Ta mayar wa farantin gilashin murfinsa da hannu ɗaya, ta tattara kwanuka. Daga ranar tuwo ya yanke. Yankan shinkafa ya tsare ta, in ji shi, aikin da ya dace da ita.

Ran taron masana ya makara da gangan, don kada ya sha surutun banza. Ya tarar ana tafi. Wai wani kamfanin magunguna na Legas ya yi rajistar jan ruwa daga fumfunar Zauro. Ya kutsa gaba yana hararar abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman ɓarawon.

Mai gabatarwa ya kira shugabar binciken kamfanin, Farfesa Nuriyya Abbas, sai Sakinatu ta miƙe.