Ainihin Sunan Rabin Cokali

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba a duwatsun jihar Vermont. Lorna tana matse safarta a rumfar matafiya, tana satar kallon mutumin da kowa ke kira Rabin Cokali, don ya guntule mariƙin cokalinsa wai jaka ta rage nauyi. Ita Kunkuru aka laƙaba mata. Al'adar masu doguwar tafiyar ƙafa a hanyar duwatsun ke nan, laƙabi ya isa, ba a tambayar ainihin suna.

Wata huɗu suna tafe tare, har minsharinsa ta sani, amma ban da sunansa. Ga shi yau gwiwarsa ta gaza, zai gangara titi ya koma gida.

"Rabin Cokali, wai me mamarka take kiran ka?"

Ya dakata da ɗaura takalmi. "Kunkuru, duk wadda na faɗa wa wannan sunan, ba a bakin titi za mu rabu ba."

"Na sani. Ina jin ka."

Ya dubi ruwan, ya dube ta. "Wendell."

Ta tuntsire da dariya. "Kai, gara cokalin!"

Sai dai ta sake faɗar sunan a hankali, sannan ta saɓa jakarta.

"Tashi mu gangara, Wendell. Ni ce Lorna."