Ƙarar da Irmiya Ya Kai

Ko sallama Irmiya bai yi ba ya faɗa ofishin Fasto Istifanus. Gurbi ɗaya tak aka bai wa ikilisiyar Diffa a makarantar horar da fastoci, kuma sau biyu ya ga Fasto yana ƙus-ƙus da Barnaba, wanda bai fi shekara uku da baftisma ba. Shi Irmiya kuwa shekararsa goma sha huɗu yana jan waƙa a coci.

"Baba, kafin ku tura Barnaba, ku san halinsa. Ko koyon waƙa ba ya zuwa. Kullum yana Chétimari cikin gonakin tattasai, yana ban ruwa da Barebari, yana cin tuwonsu. Suna, biki, jana'iza, duk da shi. Barbarci ya fi Hausa zama a bakinsa!"

Fasto ya cire tabarau. "Yana jin Barbarci?"

"Kamar a can aka yanke masa cibiya."

"Kuma suna karɓarsa?"

"Har tabarma suke shimfiɗa masa!" in ji Irmiya, ransa fes, yana ganin ya gama da shi.

Fasto ya jawo takardar da zai kai wa dattawan ikilisiya, ya soke sunan da ke kai.

"Ni don gyaran kekena nake kiran Barnaba. Shekara shida muna roƙon Ubangiji irin wannan mutum da zai kai wa Barebari bishara, ashe yana cikinmu. Allah ya saka maka, ɗana."

Irmiya ya leƙa takardar. Sunan da aka soke nasa ne.