Kafin Allurar Barci

Ikram ta tarar da saurayinta Muntasir a jingine a zauren gidan iyayensa da ke unguwar Zongo. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi da ƙyar yake fita.

"Me likitan zuciyar ya ce, Yaya Muntasir?"

"Operasiyon za a yi, wato tiyata. In an dace, zan koma tuƙin motata zuwa iyakar Seme. Amma ya ce zuciyar ta yi rauni, ba lallai in farka daga allurar barci ba."

"In ba a yi ba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da wuya in kai azumi."

Ta durƙusa a gabansa. "To a yi. Amma a ɗaura mana aure tukun. Na riga na gaya wa Baba."

"A'a, Ikram. Ko ɗakinki ba ki shiga ba, in sa ki takaba?"

"Kana zaton in ka tafi ba zan yi ba? Zan yi ta a ɓoye, babu mai yi min gaisuwa. Ka bar ni in yi jinyarka da aurena."

Ya daɗe yana kallonta, idanunsa suka kawo ruwa.

"Kira min Kawu," in ji shi. "Ya taho da goro."